Yadda ake gyara da liƙe ratar da ke tsakanin daɓe da bakin tafkin ninƙaya

Kusan babu makon da zai wuce ba tare da wani daga cikin 'yan'uwanmu masu kula da gidaje a unguwannin Akra, babban birnin Ghana, irin su East Legon, Cantonments ko Spintex, ya tare ni da tambaya iri ɗaya ba: mai gida ya ga ciyawa ta tsiro a layin da ke tsakanin daɓe da duwatsun bakin tafkin ninƙaya, ya ce a gyara, to da me ake cike wurin? Birkiloli daga unguwannin Nima da Madina su ma suna zuwa da ita, sai dai su yawanci bayan sun riga sun cusa siminti ya farfashe. Don haka na ga ya dace in jera aikin daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda nake yin sa da hannuna.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe kafin a taɓa komai. Ratar nan ba kuskuren magini ba ce, da gangan aka bar ta. Jikin tafkin yana zaune daram a kan gindinsa, shi kuwa daɓen gefe yana kan ƙasar da aka cike, yana miƙewa idan rana ta buge shi, yana tsukewa da dare. Dole abin da za a sa a tsakaninsu ya kasance mai laushi da ke hana ruwa shiga, yana kuma bin wannan motsi, shi ne abin da nake kira danƙo a nan. Wanda ya cike ta da siminti ya ɗaure biyun wuri ɗaya, daɓen zai dinga tura duwatsun bakin har su ɗago, layin tayil na saman ruwa ya fara zubowa.

1. Duba wurin kafin a sayi komai

A zagaya tafkin gaba ɗaya da ƙaramar guduma da alli. A ƙwanƙwasa kowane dutsen baki, wanda magina ke kira kofin, a hankali. Dutsen da ya kama sosai yana ba da sauti mai ƙarfi a dunƙule, wanda ya saki kuwa yana amsawa kamar an bugi ƙwarya. Duk wanda ya yi wannan amo a sa masa alamar alli. Sannan a ɗora katako madaidaici daga kan dutsen zuwa kan daɓe, a ga ko daɓen ya nutse. Daidai ne daɓe ya ɗan gangara yana nisantar tafkin domin ruwan sama ya tafi waje. Abin tsoro shi ne a tarar wani ɓangare ya sauka ƙasa da sauran, ko ya karkato yana zubo ruwa cikin ratar.

A auna faɗin ratar a wurare da yawa, aƙalla uku a kowane gefe, a rubuta. Yawanci tana kamawa daga milimita 12 zuwa 20. A auna tsawon zagayen a kan layin ratar kansa, domin ya fi zagayen ruwan tsawo.

Gargaɗi: idan tsaga ta ratsa jikin tafkin a ƙarƙashin duwatsun, ko tsatsar rodi tana fitowa, ko ruwan yana raguwa fiye da yadda aka saba, wannan ya wuce aikin danƙo. A gaya wa mai gida gaskiya ya kira injiniya. A wasu unguwanni na filin Akra akwai baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma a irin wannan wuri daɓe yana iya yin motsin da babu danƙon da zai jure.

2. Zaɓen lokaci

Ana buƙatar kwanaki busassu kafin aikin da bayansa. A Akra daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli ba lokacin wannan aiki ba ne, musamman watan Yuni, haka ma ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa, sai dai ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen danƙo, don haka a kauce wa ranar da hazo ya yi kauri da iska. 'Yan'uwa na Kumasi su ƙara haƙuri, domin ruwansu ya fi namu yawa, ƙasarsu kuma ta fi jinkirin bushewa.

Babu buƙatar a kwashe ruwan tafkin. Ban da tsadar ruwan tanka, barin tafki babu ruwa yana da nasa haɗarin idan ƙasan wurin a jiƙe yake. A hana wanka kawai na kwana biyu ko uku kafin a fara, domin kada a dinga fantsamo ruwa a wurin.

3. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Kayan hannu ba su da wuyar samu: wuƙa mai kaifi da ƙarin reza, cizal siriri, guduma, buroshin waya, injin gurza da faifan yankan dutse, injin hura iska ko na zuƙe ƙura, salatif ɗin takarda na masu fenti, bindigar matsa danƙo, leda mai faɗi, safar hannu, tabarau da takunkumin ƙura. Sai igiyar soso, wadda ake turawa cikin ratar kafin a zuba danƙo. A nemi irin wadda ba ta shan ruwa.

Danƙon ne wurin da mutane suka fi yin asara, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Silikon ɗin banɗaki mai warin tsami, wanda ake samu a kowane shagon kayan gini, bai dace ba, domin ba ya kama kankare da kyau. Araha ba ta ado. Abin da aka fi amfani da shi iri uku ne. Akwai folisalfaid mai kashi biyu da ake gaurayawa, irin su Deck-O-Seal na kamfanin W. R. Meadows na Amurka, wanda aka yi shi musamman domin gefen tafki. Akwai silikon marar tsami da aka yi domin ruwan kulorin, kamar Sikasil Pool. Sannan akwai foliyuretan, wanda ya fi yawa a kasuwa kuma yana kama kankare ƙwarai, amma ba kowane irinsa ne ke jure kulorin ba. Wasu kamfanonin sun rubuta ƙarara a takardar bayanin kayansu cewa kada a yi amfani da wani nau'in a ciki ko a gefen tafkin ninƙaya. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne, kai dai ka karanta da idonka. Idan duwatsun bakin marmara ne ko wani dutsen asali, a tabbatar an rubuta cewa danƙon ba ya ɓata dutse, domin wani yana sakin maiƙon da ke barin duhu a gefen dutsen har abada.

Kowane iri yana zuwa ko dai mai ruwa-ruwa da ke malala ya daidaita kansa, ko mai kauri da ake lallaɓawa da hannu. Mai malala ya fi kyan gani a shimfiɗaɗɗen wuri. A matakala ko gangare kuwa sai mai kauri, in ba haka ba zai gudu ya taru a ƙasa.

Lissafin yawan danƙo mai sauƙi ne. A ninka faɗin ratar da zurfin danƙon, duka a milimita, abin da ya fito shi ne mililita nawa mita ɗaya za ta ci. Rata mai faɗin 20 da zurfin 10 tana cin mililita 200 a kowace mita, ke nan ƙunshi mai mililita 600, wanda masu shago ke kira sosej, zai yi mita 3 kacal. Ɗauki tafki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, wanda duwatsun bakinsa ke da faɗin santimita 30: zagayen ratarsa ya kai mita 26.4, zai ci ƙunshi 9, sai a sayi 10 saboda abin da zai zube. Da faɗin ratar 12 ne da zurfin 6, ƙunshi 4 sun isa. Wannan bambanci ne ya sa awo ke gaba da ciniki.

Yawancin kuɗin aikin a danƙo yake tafiya, kuma da yake daga waje ake shigo da shi, farashinsa a sidi, kuɗin Ghana, yana bin dala. A tambaya a shago biyu ko uku a makon da za a yi aikin, kada a ba mai gida lissafi da farashin bara. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin ƙunshin, a matsa shi da yatsa. Idan ya yi tauri ta wani gefe, ya fara bushewa a ciki. Kuɗin hannu kuma a yi shi a kan mita, a ware na cire tsohon abu daban, domin idan siminti aka tarar a ciki, cire shi kaɗai yana iya cin kwana biyu.

4. Cire tsohon abin da ke ciki

A kashe injin tace ruwa, a shimfiɗa leda a kan ruwan ta gefen da ake aiki, a danne bakinta da bulo a kan duwatsun. A bi gefen ratar biyu da wuƙa, a yanke tsohon danƙon daga jikin dutse da jikin daɓe, a ja shi ya fito kamar igiya. A tsame tsohon soso, ruɓaɓɓen katako, saiwoyi da gidan tururuwa. Idan siminti ne, a fara tsaga tsakiyarsa da injin gurza, sannan a ɓamɓare sauran da cizal ana karkata shi wajen daɓe. Bugun da ya nufi dutsen bakin yana iya fasa gefensa ko ya sake shi daga mazauninsa.

Ratar tana bukatar ta kasance a buɗe har iyakar kaurin daɓen. Tsakuwa ɗaya da ta maƙale a ƙasa tsakanin daɓe da jikin tafki ta isa ta mayar da aikin banza, domin ta nan turawar za ta ci gaba. Inda ratar ta tsuke ƙasa da milimita 6, a buɗa ta da injin zuwa 10 ko 12, ana cin ɓangaren daɓe.

Daga nan a goge bangon ratar biyu da faifai ko buroshin waya har sai kankare mai tsabta ya bayyana. Sabon danƙo ba ya kama saurar tsoho, musamman idan tsohon silikon ne.

Gargaɗi: ana aiki da wutar lantarki a bakin ruwa. Kada wayar injin ta ratsa ta kan tafkin, kada mahaɗarta ta kwanta a jiƙaƙƙen wuri, kada kuma a yi aikin ba takalmi. A jona ta inda akwai na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta fara zuba. Ƙurar kankare tana lalata huhu sannu a hankali, don haka takunkumi dole ne ga mai injin da yaron da ke kusa da shi.

5. Gyara duwatsu da ramuka

Duwatsun da aka sa wa alli a ɗaga su a hankali, a kankare tsohon simintin da ke ƙasansu da na kan bangon tafkin, a wanke, a sake zaunar da su da simintin manna tayil na waje mai jure ruwa. A daidaita su da maƙwabtansu, a kula kada simintin ya matso cikin ratar. Idan ya shiga a kwashe shi tun yana ɗanye. Gefen daɓen da ya guntule a gyara shi da simintin gyara, a sa siririn katako a cikin ratar ya tsare faɗinta har ya kama.

Idan an tura sanda ta cikin ratar aka ji rami a ƙarƙashin daɓe, alama ce ruwa ya daɗe yana kwashe ƙasa. Ƙaramin rami ana cike shi da busasshen yashi ana dannawa. Babba, wanda daɓen ke amo a kansa, sai an fasa wurin an sake cikowa. Sabon kankare yana buƙatar kwana 28 kafin a sa masa danƙo, simintin gyara kuwa a bi kwanakin da aka rubuta a buhunsa.

6. Tsabtacewa da busarwa

A hure ƙurar da injin iska, a bi da busasshen buroshi, a sake hurewa. A shafa yatsa a bangon ratar. Idan ya fito da fari, da saura. Idan gansakuka ta sa dole a wanke da ruwa, to a ƙara kwana biyu ko uku na bushewa.

Saman kankare yana yaudara, ya bushe fes alhali cikinsa a jiƙe. Gwajin da na dogara da shi shi ne a rufe wani yanki na ratar da farar leda, a manne gefenta huɗu da salatif da yamma, a ɗaga da safe. Idan an ga raɓa a ƙasan ledar ko kankaren ya yi duhu, a ƙara jira.

Na koyi wannan da kuɗin aljihuna. A farkon shigata sana'ar na karɓi aiki a wani masauki a hanyar Spintex, ruwa ya ɗauke kwana biyu kacal, mai wurin kuma yana matsa mini saboda yana jiran baƙi. Tsohon maigadin gidan ya durƙusa ya zura yatsa cikin ratar, ya ce, “Ɗana, ƙasan nan bai sha iska ba tukuna.” Na ce masa, “Baba, ai rana ta fito, ba komai.” Na zuba foliyuretan da tsakar rana. Washegari na tarar da layin gaba ɗaya ya yi ƙofofi kamar masa a tanda, domin wannan danƙo idan ya haɗu da laima yana fitar da iska ya kumbura. Na yanke mita ashirin da wani abu da wuƙa, na sake sayen kaya. Sauri ya haifi nawa.

7. Sa igiyar soso

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali a kansa ƙarkon aikin ya rataya. Igiyar tana tsayar da zurfin danƙon, tana kuma hana shi mannewa a ƙasa. Danƙon da ya kama gefe biyu kawai yana miƙewa kamar roba idan ratar ta buɗe. Wanda ya kama gefe biyu da ƙasa ba shi da wurin miƙewa, sai ya yage.

Kaurin igiyar ya fi faɗin ratar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu domin ta matse: rata mai milimita 12 tana son igiya mai 15, mai 16 tana son 20, mai 20 tana son 25. Da yake faɗin yana canzawa daga gefe zuwa gefe, a sayi kauri biyu. Ƙa'idar zurfi ita ce rabin faɗin ratar, kada ya gaza milimita 6, sai dai idan takardar danƙon ta faɗi wani abu daban, to a bi ta.

Ni nakan sassaƙa guntun katako mai harshe daidai zurfin da nake so, kafaɗunsa biyu suna hawa kan dutse da daɓe, in dinga jan sa a kan igiyar. Ta haka zurfin yake zama ɗaya ko'ina. Idan ƙasan ratar ya yi zurfi har igiyar tana faɗawa, a fara zuba busasshen yashi ya tallafe ta.

Gargaɗi: kada a tura igiyar da ƙusa ko sukudireba, domin idan ta huje za ta saki iska cikin danƙon. Kada kuma a ja ta ta miƙe, za ta koma ta bar giɓi a mahaɗa. Danƙo mai malala yana gano ƙaramar ƙofa ya zurare ƙasa, ka dawo bayan awa ɗaya ka tarar da rami. A toshe kusurwoyi da mahaɗun igiya da ɗan danƙo mai kauri tukuna.

8. Salatif da firaima

A manna salatif a gefe biyu, daidai bakin ratar. Idan kamfanin danƙon ya ce a sa firaima, wato ruwan da ake fara shafawa domin danƙon ya kama sosai, a sa nasa na wannan danƙon, da ƙaramin buroshi, a bangon ratar kawai, shafa ɗaya marar kauri. A jira lokacin da aka rubuta, galibi daga rabin awa, kuma kada a shafa wa wurin da ba za a cike a ranar ba.

9. Zuba danƙo

A fara bayan la'asar, lokacin da daɓen ya fara hucewa. Yawancin waɗannan kaya iyakar zafin da aka yarda a sa su a kai digiri 40 ne, kankaren da ya wuni a ranar Akra kuwa yakan wuce haka, har ƙafa ba ta iya taka shi. Kankaren da zafinsa ke hauhawa yana kuma fitar da iska daga ƙofofinsa, wadda ke zama kumfa a cikin danƙo.

A yanke bakin bututun daidai faɗin ratar, a sa shi ya taɓa igiyar, a dinga matsawa ana tafiya sannu domin danƙon ya cika daga ƙasa zuwa sama ba tare da ya rufe iska ba. Mai kauri a bi shi nan take da bayan cokali ko guntun roba, ana danna shi jikin bangon biyu, samansa ya ɗan lotsa kaɗan. Mai malala a tsayar da shi milimita ɗaya ko biyu ƙasa da daɓe, a bar shi ya kwanta da kansa. Mai kashi biyu a gauraya gwangwani ɗaya gaba ɗaya har launinsa ya zama ɗaya, a kankaro gefe da gindin gwangwanin. Yana ba da kamar awa ɗaya kafin ya fara kauri, zafi kuma yana rage wannan lokaci, don haka kada a gauraya na biyu sai na farko ya ƙare. Wanda zai gauraya da injin huda ya tanadi mai batir, kada a ɗauke wuta a tsakiyar aiki.

A yi mita biyu ko uku, a lallaɓa, a cire salatif tun danƙon yana ɗanye, ana jan sa sama da waje, sannan a ci gaba. Aikin mutum biyu ne, ɗaya yana zubawa ɗaya yana bi. Masu son layin ya saje da daɓe suna barbaɗa busasshen yashi mai laushi da aka tankaɗe a kai kafin ya yi fata, a share ragowar washegari. Yashin bakin teku bai dace ba saboda gishiri da laima.

Gargaɗi: kada a goge ɗanyen foliyuretan da sifirit ko wani abu mai alkohol, yana hana shi bushewa, ya zauna yana danƙo har makonni.

10. Jira da dubawa

Saman danƙon yana yin fata cikin awa ɗaya ko biyu, amma cikinsa yana bushewa a hankali. Foliyuretan yana cin kamar milimita 3 a yini, ke nan mai zurfin 10 yana son kwana uku zuwa huɗu. A zagaye wurin da igiya, a ɗaure kare, a gaya wa yaran gida da mai ban ruwan fulawa. Kada a taka har kwana biyu, kada a yi wanka har mako guda sai idan takardar ta yarda da ƙasa da haka. Idan hadari ya haɗu, a kifa katako a kan layin yadda ba zai taɓa shi ba, a rufa leda a sama.

Bayan mako a bi layin da babban yatsa ana dannawa kusa da gefe. Inda ya rabu da bango a yanke wannan yanki, a tsabtace, a sake cikewa da irin danƙon. Daga nan a dinga wannan dubawa sau biyu a shekara, a watan Maris kafin ruwa ya sauka, da kuma Nuwamba bayan ya ɗauke. Mai zuba kulorin ya narkar da shi a bokiti nesa da layin, domin garin da ya zube a kan danƙo yana cinye samansa.